Yis ko tsohon ƙullu: da wanne za a tayar da waina?

Kusan kullum sai an tambaye ni a layinmu na Tudun Wada: "Yaya, yis za mu sa ko tsohon ƙullu?"

Yis ɗin leda ba shi da tsada a kasuwar Sabon Gari, ga sauri. Amma abu ne mai rai, sai an ciyar da shi. Ɗan sukari da dafaffiyar shinkafar da ake haɗawa a niƙa su ne abincinsa. Yana ci yana fitar da iskar da ke kumbura ƙullu. Ruwan zafi kuwa kashe shi yake. Na taɓa yin wannan gangancin ana gobe Sallah, waina ta kwanta a tanda kamar faifai.

Tsohon ƙullu kyauta ne, ludayi ɗaya na jiya ya isa. Shi ke ba da ɗan tsamin nan mai tafiya da miyar taushe, abin da nake so ke nan. Sai dai da hunturu yakan kwana bai tashi ba, da zafin Afrilu kuma ya zarce, sai an nemi ruwan kanwa.

Mai yin waina sai biki, ta riƙe yis. Mai suya kullum da asuba, tsohon ƙullu ya fi mata.