Sabon fikof ko gyaran ƙarafa: wanne za ka fara sa wa kuɗi a jitarka?

Ƙanena, ka ce kana da jitar lantarki ta hannu mai siffar Stratocaster, mai fikof uku, kana kaɗa ta a majami'arku a Bukuru ranar Lahadi, ranar Asabar kuma ku je biki. Abu uku ke damunka: muryarta siririya ce, tana ƙugi da zarar an ta da janareta, kuma ba a gama waƙa biyu sai ta sauka daga saiti. Kuɗin da ke hannunka na aiki ɗaya ne, ko ka sauya fikof, ko ka sauya ƙarafan jikinta, wato mamurɗan tsirkiya da jaki da sauransu. Ni dai shawarata ka fara da ƙarafa da saiti, fikof ya jira. Amma bari in jera maka su gefe da gefe, don kai ma ka auna da kunnenka.

Fikof ba wani abin sihiri ba ne. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, wadda kaurinta bai wuce na gashin kai ba, zagaye wajen dubu 8 a irin na Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe na karkarwa a samansa, sai ya mayar da wannan karkarwar ta zama 'yar wutar da amfilifaya ke ɗagawa. Aikinsa ke nan, ya ji ya kai rahoto. Ƙarafan kuwa su ne ke riƙe da tsirkiyar kanta: mamurɗai a kai, ɗan jakin wuya da tsirkiya ke ratsawa kafin ta kai mamurɗi, da babban jakin da ke jikin gangar. Masu garaya da goge sun san girman jaki tun kafin a haifi jitar lantarki. In tsirkiya ba ta zauna daidai ba, fikof mai tsada abin da zai yi kawai shi ne ya kai wa jama'a labarin kuskuren da murya mai kyau.

Ta fuskar murya, babu gardama, fikof ne ke da rinjaye. Duk wanda ya ce maka sauya jaki zai canza sautin jita kamar yadda sauya fikof ke yi, ya ƙara gishiri. Mai naɗi ɗaya, irin naka, wanda kamfanin Fender ya sa wa jitarsa Stratocaster tun fitowarta a 1954, muryarsa garau take, tana da kaifi, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Mai naɗi biyu, hambaka, Seth Lover ne ya ƙera shi a kamfanin Gibson, aka nemi rajistarsa a 1955, ya hau kan jitarsu Les Paul a 1957. Muryarsa ta fi kauri da ƙarfi, amma tana rage wannan ƙyallin na sama. Sauya ɗan jakin wuya daga roba zuwa ƙashi, ko babban jaki daga gwangwani zuwa ƙarfe na gari, yana ɗan ƙara wa sauti tsawon rai, sai dai bambancin ɗan kaɗan ne, mai kaɗawa ke jinsa fiye da mai sauraro.

To amma ka duba irin kiɗan da kake yi. Waƙoƙin majami'a na nan Filato, da hailaif, da irin tsinkar Kwango da ake yi a wajen biki, duk sauti garau suke so, wanda zai ratsa tsakanin kibod da ganga da mawaƙa ashirin ya fito. Haka ma jitar Buzayen Agadas da matasa ke so yanzu, sau da yawa a kan jita mai siffar Stratocaster ake yin ta. Abin da kake kira siranta, a cikin taron kayan kiɗa shi ne ke sa a ji ka. Na sha ganin yaro ya sa hambaka mai zafi, a ɗakinsa kamar hadari, ranar Lahadi kuma ya nutse a ƙarƙashin kibod, yana ta ƙara murya mai kula da na'ura yana ta ragewa. Kafin ka yanke wa fikof ɗinka hukunci, ka gwada abu biyu da ba su cin ko sisi. Ka danne tsirkiya a kan ƙarfen wuya na ƙarshe, cikin siraran ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jitar, ka auna tazarar da ke tsakaninta da kan fikof. Wajen milimita 2 ake so, da ɗan ƙari a ɓangaren manyan tsirkiyoyi. Sukurori biyun da ke gefensa ne ke ɗaga shi ko su sauke shi. In ya yi ƙasa da yawa murya za ta rame, in ya matso da yawa maganaɗisun zai riƙa jan tsirkiya har sautin ya riƙa rawa. Na biyu, yaushe rabonka da sauya tsirkiya? Wadda ta kwana damina biyu a Jos ta riga ta mutu, ko da ba ta tsinke ba.

Sai batun ƙugi, kuma a nan nake so ka natsu, don nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi. Wutar ƙasarmu tana juyi sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma fikof mai naɗi ɗaya yana ɗaukar wannan juyin daga taransifoma da wayoyin bango kamar eriya. Hambaka yana maganinsa ne da dabara: naɗi biyun suna adawa da juna, maganaɗisunsu ma haka, sai ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu. Ke nan a wannan fannin fikof ya ci, mamurɗi da jaki ba su da ta cewa. Sai dai ba kowace ƙara ce ta fikof ba. Ka kunna amfilifaya, ka riƙe jitar ka juya jikinka a hankali. In ƙarar tana ƙaruwa tana raguwa yadda kake juyawa, to ta fikof ce. Ka tura makunnin zaɓen fikof mai matsayi biyar zuwa na 2 ko na 4; a jitoci da yawa an naɗe fikof na tsakiya a juye, don haka a waɗannan matsayin ƙugin yakan ɗauke, ka ga kana da hambaka a hannunka ba ka sani ba. In kuwa zizar tana lafawa da ka taɓa tsirkiya, ta dawo da ka ɗauke hannu, to ramin da ke ƙarƙashin murfin jitar ne ba shi da kariya. Ana shimfiɗe shi da tef na jan ƙarfe a haɗa da wayar ƙasa ta jitar, aikin da duk mai gyaran rediyo mai tsabtar hannu zai iya. In kuma taɓa tsirkiya bai rage komai ba, a duba 'yar wayar da ke zuwa maƙalin sifirin da ke riƙe da babban jaki a bayan gangar, wataƙila dalmarta ta saki. Kebul ma a gwada wani.

Akwai abin da ba zan wuce ban faɗa ba. Gine-gine da dama da muke kiɗa a ciki ba su da wayar ƙasa ta kirki, janareta kuma an jona shi yadda aka ga dama. In kana riƙe da tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo ka ji wuta ta ɗan ja ka, ka ajiye jitar nan take, a kira mai wayarin. Kada ka yarda kowa ya karya ƙafa ta uku ta filogin amfilifaya wai don a rage ƙara. Tsirkiyarka a haɗe take da jikin amfilifayar, wutar kuwa bolt 230 ce.

Yanzu ga inda ƙarafa suka yi wa fikof fintinkau: zama a saiti. Babu fikof a duniya, ko na kamfanin DiMarzio ko na Seymour Duncan, da zai hana jita sauka. Kuma abin mamaki, mamurɗai da kowa ke zargi ba su ne suka fi laifi ba. Ɗan jakin wuya ne. A jitoci masu araha roba ce, tsagoginta matsattsu, tsirkiya na maƙalewa a ciki. Alamarsa, kana murɗawa ba abin da ya motsa, sai ka ji ƙas, ta tsallake inda kake nema, musamman tsirkiya ta uku. Ka goga bakin fensir a cikin tsagogin. In abin ya yi sauƙi, ka kama ɓarawon. Sai a gyara tsagogin ko a sassaƙa sabo na ƙashi. Sannan yadda kake naɗa tsirkiya a jikin mamurɗi: zagaye biyu zuwa uku, a jere suna gangarowa ƙasa, ba tuli kamar dunƙulen zare ba, kuma sabuwar tsirkiya a ja ta da yatsa sau da yawa har ta daina sauka. Jakin Stratocaster kuma a kan sifirin yake lilo. In ba ka amfani da sandar lilon, ka buɗe bayan gangar ka ɗaure sukurori biyun nan har jakin ya kwanta a jikin katako, ko ka ƙara sifirin su zama biyar. Sai mamurɗi yana sulluɓewa ko yana da wasa a hannu ne za ka saya sabo.

Mu a Jos muna da ƙarin dalili. Hunturunmu bushewa gare shi, katakon wuya yana tsukewa, bakin ƙarafan wuya su fito suna kartar hannu, wuyan kansa ya canza lanƙwasa. Damina ta zo ya sha laima ya koma wani wajen. Jitar da aka saita a watan Agusta ba ita ce a hannunka a Janairu ba. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki, kwata-kwatan zagaye kawai a lokaci guda, kuma in ta yi tauri kada a tilasta mata. Daga nan a daidaita tsayin tsirkiya, a gwada kowace a ƙarfen wuya na 12: in ta haura sautinta na sake, a ja mazauninta baya, in ta gaza a turo shi gaba. Wannan saitin shi ke sa ka riƙe kod a tsakiyar wuya ya yi daɗi tare da kibod, kuma a duk abin da na lissafa shi ya fi araha.

Wajen saye, kowanne da tarkonsa. Hambaka ya fi ramin fikof ɗinka faɗi, don haka sai da sabon murfi, wani lokacin har da sassaƙa ganga. Ka ɗaga murfin ka leƙa kafin ka biya. Maɓallan muryarka kusan tabbas masu 250k ne, wato awon da ke rubuce a bayansu, hambaka kuwa da 500k ya saba, in ba haka ba ya yi duhu. Akwai hambaka da aka matse su a girman mai naɗi ɗaya, irin Hot Rails, waɗanda ke shiga ba tare da yanka ba. Masu batir irin na EMG shiru ne da su ƙwarai, amma sai an sauya wayarin gaba ɗaya, ga batir mai bolt 9 da za ka riƙa tunawa da shi. Kuma da dala ake sayo su, jabu kuma sun cika intanet, tambari ɗaya kwali ɗaya. In farashi ya yi daɗi fiye da kima, ka tuna araha ba ta ado. Tarkon ƙarafa shi ne awo. Ramin mamurɗi akwai mai milimita 8 akwai mai 10. Faɗin jaki daga tsirkiya ta farko zuwa ta shida, a jitocin Asiya wajen milimita 52 ne, a tsohon awon Amurka wajen 56. Ka sayi wanda bai dace ba, ko sukurori su ƙi shiga, ko tsirkiyar gefe ta riƙa zamewa daga wuya. Ka auna da rula tukuna.

Akwai lokacin da zan ce maka ka manta da duk wannan jerin ka fara da fikof: in ɗaya ya mutu, ko muryarsa ta yi ƙasa da sauran sosai duk da ka ɗaga shi, ko kuma yana tsuwa da zarar an ƙara murya, ka ƙwanƙwasa shi da farce ka ji kamar makirfo. Wannan naɗinsa ne ya saki, ba a jiƙa shi da kakin da ke riƙe wayar ba. A abin da ka bayyana ban ji ko ɗaya daga ciki ba.

Don haka ka kai ta a yi mata ɗan jakin ƙashi, sabuwar tsirkiya mai lamba 10 a awon kauri, tef na jan ƙarfe a rami, da cikakken saiti. Ka kaɗa ta wata guda, Lahadi huɗu da biki ko biyu, a matsayi na 2 da na 4 in janareta na aiki. In bayan nan har yanzu na kusa da jaki yana soka maka kunne lokacin da kake tsinka kai kaɗai, shi ɗaya za ka sauya da hambaka, ka bar na wuya da na tsakiya yadda suke. Tsarin da Yamaha ta yi wa Pacifica 112 ke nan, kuma in akwai mai ita a cikin makaɗan da ka sani, ka roƙe shi ya ba ka ka jona a amfilifayarku ta majami'a ka ji kafin ka fitar da kuɗinka.