Jirgin ruwan shaƙatawa: wanne ya dace da mai koren fasfo da zai tashi daga Legas?

Tunda bidiyon manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa ya cika TikTok da Instagram, majalisar da duk ka zauna a Agege ko Obalende sai ka ji wani yana cewa shi ma bana sai ya kai Hajiya. To Allah ya nufa. Amma mutane suna fara zaɓe daga hoton jirgi, alhali mu masu koren fasfo biza ce take zaɓar mana jirgi, sai kuma lissafin kuɗin da ba a rubuta shi a jikin talla ba.

Da farko dai ba a hawa irin wannan jirgin a Apapa ko Tin Can, can harkar kwantena ce. Dole ka bi ta Ikeja ka hau jirgin sama zuwa garin da na ruwan zai tashi, kuma don Allah ka isa ana gobe tafiya ka kwana a otal, domin jirgin ruwa ba ya jiran kowa, in na samanka ya makara shi ke nan kuɗi sun bi ruwa. Wato tikitin sama da otal da biza da inshora duk suna cikin farashi tun kafin ka taka jirgin.

Wanda aka fi yaɗawa shi ne Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, da ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, bene 20, in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja kusan 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Akwai wurin sulun ruwa na yara, dandalin wasa a kan ƙanƙara, lambu mai itatuwa na gaske a tsakiyar jirgi, abin dai sai wanda ya gani. Matsalar ita ce bizar Amurka, wadda a Yulin 2025 aka mayar wa yawancin 'yan Najeriya ita shiga ɗaya ta wata uku, ga shi jirgin fita yake yi zuwa Bahamas ko Meziko ya dawo. In ba kana da tsohuwar biza mai rai mai shiga da yawa ba, ni dai zan ce ka ajiye wannan a gefe tukuna.

Bahar Rum kuwa tafiyar kwana bakwai ce yawanci, Basalona, Marsel, Jenowa, tashar Civitavecchia da ake sauka a je Rum (tafiyar fiye da awa ɗaya ce, kar ka ɗauka a bakin gari za a ajiye ka), wani lokaci har Malta. Jiragen kamfanonin MSC da Costa ne suka fi yawa a nan kuma farashinsu da dama-dama. Kusan kullum ka farka a sabon gari, wanda daɗi ne amma akwai gajiya, dattijo mai ciwon gwiwa zai ji jiki. Bizar Shengen ake nema, wato ta haɗin gwiwar yawancin ƙasashen Turai, kuma ka duba hanyar da kyau, in jirgin zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya ya dawo to mai shiga da yawa kake buƙata, in ba haka ba tun a bakin tasha za a hana ka hawa kuma ba lallai a mayar maka da ko sisi ba. Yuli da Agusta zafi ne da cunkoso da tsada, Mayu ko Satumba sun fi.

Sai Durban a Afirka ta Kudu, wanda a ganina shi ne ya fi dacewa da mai son ya ɗanɗana ya ji ko abin zai karɓe shi. MSC ne ke yi, e, MSC ɗin nan dai da kake ganin kwantenoninsu a kan tirela a hanyar Apapa, gida ɗaya ne. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris suke kawo jirgi, tafiyar dare uku ko huɗu zuwa gaɓar Mozambik, Portuguese Island ko Pomene. Gajeriyar tafiya, kuɗi kaɗan, in ma ruwa bai yi maka ba kwana nawa ne. Sai dai tekun wajen yana da kaɗawa, kuma wuraren ba su da tashar da babban jirgi zai jingina, a ƙananan kwale-kwale ake kwasar mutane zuwa gaɓa, in iska ta tashi kyaftin ya soke saukar babu mai yi masa musu. Gajerun tafiye-tafiyen nan kuma na 'yan casu ne, kiɗa har dare ya raba, mai neman natsuwa ya sani. Katin rigakafin cutar shawara dole ne, kuma ka tambaya a rubuce ko bizarka ta yarda ka fita ka sake shigowa.

Yankin Gulf lokacin sanyi ake yi, Disamba zuwa Maris, daga Dubai zuwa Abu Dhabi, Doha, Bahrain, wani lokaci Maskat. Ruwan a kwance yake, garuruwan kusa da juna, in ka sauka masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne, ga jirgin sama kai tsaye daga Legas zuwa Dubai tunda Emirates ta dawo a Oktoban 2024. Wanda kuma ya fi jan hankalin mutanenmu shi ne jirgin Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya, babu gidan caca, abinci halal, ga wurin salla. Mai tafiya da iyali da surukai, gaskiya wannan ya rage masa ciwon kai da yawa. Amma kar ka ɗauka bizar Umara ta wadatar a haɗa tafiya biyu, tambayi kamfanin da kansa, kuma a duba yanayin tsaron yankin, don tun ƙarshen 2023 kamfanoni da dama sun sha canza hanya saboda rikicin Bahar Maliya.

Akwai ƙananan jirage na masu hannu da shuni irin na kamfanonin Silversea da Seabourn, fasinja 'yan ɗaruruwa kawai, kusan komai na cikin kuɗin. Viking ma ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba kuma ba su da caca. Wanda zai iya biyan waɗannan ba ya buƙatar shawarata.

Yanzu ɗaki, nan ne ake yawan yin kuskure. Farashin da ka gani a talla na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu, kuma na ɗakin ciki ne wanda ba shi da taga ko kaɗan. In kai kaɗai ne za ka biya kusan ninki biyu. Ɗakin ciki ɗan ƙarami ne, gado, banɗaki, durowa, talabijin, in ka kashe fitila ba ka sanin dare ko rana sai ka sa ƙararrawa saboda Asuba. Na gaba da shi mai taga ne amma ba ta buɗuwa. Sai mai baranda, sai suwit, wato babban ɗaki na manya. In tafiyar dare uku ce ko Bahar Rum da kullum kana gari, ɗakin ciki ya isa, barci kawai za ka yi. Amma in Hajiya ba mai son shiga cakuɗar jama'a ba ce, ku daure ku ɗauki mai baranda, domin gaskiyar magana saman jirgi wajen wuraren wanka shigar Turawa ake yi, ga kiɗa ga kofunan giya suna yawo, baranda ita ce inda za ta sha iska ta kalli teku hankalinta kwance. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a benen ƙasa-ƙasa, gaba da sama su suka fi lilo. Ka kuma duba taswirar jirgin ka ga me ke samanka, in kicin ne ko gidan rawa ka shiga uku.

Ranar hawa za a karɓi akwatunanka a tasha a kai maka ƙofar ɗaki, wani lokaci sai yamma, saboda haka magani da caja da kayan salla su zauna a jakar hannu. Za a ba ka kati, shi ne makulli, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuɗi, ba a karɓar tsaba a kantunan ciki. Ana haɗa shi da katin bankinka ko ka ajiye dala a kantar karɓar baƙi. Katin dala ya fi kwanciyar hankali, na naira yana iya ƙin aiki kana tsakiyar teku ba ka da wanda za ka kira. Kafin a tashi kowa sai ya yi atisayen ceto, ya san inda zai taru in an busa ƙararrawa, wannan doka ce da aka ƙara tsaurarawa bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012 inda mutum 32 suka rasu. Kar ka ɓuya a ɗaki, da kati suke duba sunan kowa.

Abin da kuɗinka ya ƙunsa: ɗaki, abinci a bufe da babban ɗakin cin abinci, ruwa da shayi da kofi na bufe, wasannin dare, wurin motsa jiki, wurin wasan yara. Sauran duk da kuɗi. Lemon kwalba da kuɗi, gidajen abinci na musamman da kuɗi, wanki da guga da kuɗi, ganin likita da kuɗi mai zafi ma kuwa shi ya sa inshora ba abin wasa ba ce. Intanet ya gyaru sosai tunda jirage da yawa suka koma Starlink amma saye ake yi kuma yawanci na waya ɗaya ne. Layinka na gida kuwa ka sa wayar a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, in ba haka ba kuɗin da za a zaftare maka sai ka riƙe baki. Sannan ga kuɗin hidima da ake ɗorawa kowace rana kan kowane mutum, a kamfanonin Amurka wajen dala 16 zuwa 20, ka lissafa iyali mai mutum biyar a kwana bakwai ka gani. Ejan zai so ya haɗa maka da fakitin abin sha, kai da ba ka shan giya ka tabbata na lemo da ruwa ya sa maka, kar ka biya wa wasu.

Abinci akwai shi har ya yi yawa, bufe da rana in jirgi bai tsaya ko'ina ba kamar kasuwar Mile 12 da sassafe, sai ka yi zagaye da faranti kana neman kujera. Amma ban da Aroya, kar ka ɗauka naman halal ne. Wasu kamfanonin suna tanada in ka nema tun wajen wata biyu kafin tafiya, ka sa a rubuta a takardar da ka kama gurbi da ita, ranar farko kuma ka je wurin shugaban masu kawo abinci ka tuna masa. In babu, kifi da ƙwai da shinkafa da ganye sun ishe ka, sai ka riƙa tambaya ko an sa giya a miya ko kayan zaƙi, ba sa jin haushi. Ɗan yaji a rufaffiyar roba yana ceton rai. Kilishi kuwa ƙasashe da yawa ba sa barin a shigo da nama, kwastam na iya ƙwacewa tun a filin jirgin sama.

Hajiya, kaskon turaren wuta da gawayi da dutsen guga da butar lantarki duk a bar su a gida, wuta ita ce abin da jirgin ruwa ya fi tsoro, na'ura za ta gani a akwati a riƙe. Butar roba dai ki saka, ba za ki samu a banɗaki ba, kuma masan na zuƙar iska ne, ban da takardar da suka ajiye ba a jefa komai. Alƙibla tana canzawa tunda jirgi tafiya yake, akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda ake da inda aka dosa, da ita da manhajar waya sai a daidaita, hukuncin ƙasaru da haɗa salla kuwa a tambayi malam kafin a tashi. Mai ciki da ta kai mako 24 ba a ɗaukarta, jariri ma sai ya kai wata shida a yawancin kamfanoni.

In an tsaya a gari zaɓi biyu ne, ka bi yawon da jirgi ya shirya, da tsada amma in motarsu ta makara za a jira ku, ko ka fita da kanka da araha amma in ka wuce lokacin komawa sai dai ka hango jirgi yana tafiya, kuɗin cim masa a tasha ta gaba kuma daga aljihunka. Mu da muka saba ɗora wa gosulo laifi, a nan ba ya karɓuwa. Agogon jirgi ake bi, ba na waya ba, don wani lokaci suna bambanta.

Daren ƙarshe za a ce ka ajiye akwati a bakin ƙofa kafin ka kwanta, ka tuna ka ware kayan da za ka sa da safe. Ka duba bil ɗinka a manhaja ko a kantar karɓar baƙi tun a daren, in akwai abin da ba kai ka saya ba a cire kafin layin safiya. Tikitin dawowa Legas kuma kar ya zama na kafin azahar, fita daga jirgi da layin shige da fice kaɗai suna iya cin awa biyu zuwa uku.