Tafiyar kallon tsuntsaye daga Kano zuwa Nguru da Dagona: ta ci kuɗinta?

Akwai wasu samari a nan Kano da suka kafa ɗan kamfanin kai mutane yawon buɗe ido, suna tallarsu a WhatsApp da Facebook. Yawanci Tiga da Falgore suke kai jama'a, amma idan sanyi ya shigo sukan shirya tafiyar kwana zuwa fadamun Haɗeja da Nguru don kallon tsuntsayen ruwa. Na bi su a watan Janairu, kuma tun da na dawo ake tsare ni a shago da tambaya ko abin ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma ba don ƙoƙarin waɗanda suka karɓi kuɗin ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin akwai maganganun da ba na yabo ba a nan gaba, kuma yara ne masu neman na kansu.

Naira dubu 90 kowa ya biya. A ciki akwai mota, da masaukin dare ɗaya a Nguru, da abinci, da kuɗin kwalekwale, da na shiga gandu, da ladan jagora. A tsadar man yanzu ban ga zalunci a farashin ba, kuma ba su ƙara mana ko sisi a hanya ba, wannan kam a yaba musu.

Matsala ta fara tun daga tashi. An ce a haɗu a titin Haɗeja, wajen Yankaba, da an sallame sallar asuba. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka bar Kano, ana jiran wasu mutum biyu da ko waya ba sa ɗauka. A tafiyar biki wannan ba komai ba ne. A tafiyar tsuntsu asara ce, don tsuntsun ruwa da sassafe da kuma yamma lis yake harkarsa, da rana ta take sai ya laɓe cikin ciyawa. Mun bi ta Gumel da Malam Madori da Birniwa, muka shiga Nguru ana shirin la'asar, ga yunwa ga ƙura. Garin da kansa yana da tarihinsa: nan ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano ya iso a 1930, aka riƙa jigilar gyaɗa da fatu da ƙaro. Babu wanda ya faɗa mana haka a cikin motar. Shugaban tafiyar yana gaba yana ta latsa waya.

A bakin ruwa suka miƙa mu hannun wani dattijo ɗan ƙabilar Bade, tsohon masunci, kuma daga nan ne kuɗina ya fara dawowa. Mutumin nan bai riƙe littafi ba, amma tsuntsu na giftawa can nesa zai ce ga ko wane ne, tun kafin mu ɗaga madubin hangen nesa. Abu na farko da ya yi shi ne ya sa aka kashe wata 'yar lasifika da wani yaro ya taho da ita yana sakin waƙa. Ya ce, “Ɗana, ko ka kashe ta ko ka jira mu a gaɓa.” Aka kashe.

Mun shiga tafkin Nguru ta wata siririyar hanya tsakanin ciyayi, mai tuƙi yana tura kwalekwalen da gora. Waɗanda muka fara cin karo da su na gida ne, waɗanda duk Bahaushe ya san sunansu ko da bai taɓa ganinsu da yawa haka ba: balbela, da zalɓe tsaye cikin ruwa ba ya ko motsi, da ɗinya ƙatuwa mai baƙin baya. Kirinjijiya kuwa kafin ka gan ta ka ji ta, garke guda na tashi da fito siriri, farar fuskarsu na walƙiya. Akwai wani ɗan tsuntsu ja-ja mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado ba tare da ya nutse ba, da wani mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike, sai ya sulmiyo da ka cikin ruwa ya fito da ɗan kifi. Shamuwa ba ta nan, kuma jagoran ya yi dariya da aka tambaya: ita ai da damina take zuwa mana daga kudu, lokacin da baƙin da muka zo gani suka riga suka tafi.

Baƙin su ne dalilin tafiyar. Jagoran yana kiransu 'yan ci-rani, kuma sunan ya dace, don wajen Oktoba suke fara isowa, zuwa Maris ko Afrilu su tattara su koma. Akwai wata ƙaramar agwagwa da namijinta ke da farin layi a saman ido, wadda ke yin ƙwai a Turai da Rasha. Akwai wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya. Akwai kuma wasu masu dogayen ƙafafu, launin ƙasa-ƙasa, da ke kiwo a gonakin shinkafar da aka girbe, wasunsu daga can arewacin Sibiriya suke tasowa. Idan ƙanƙara ta rufe ruwayen ƙasashensu sai su yo kudu, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, kuma fadamun bakin hamada irin wannan su ne ruwa na farko mai yalwa da suke tararwa. Gab da magariba sai ga su garke bayan garke suna sauka, har mai tuƙin ya daina turawa muka tsaya kawai. Wata malamar makaranta da ke kusa da ni salati take ta yi a hankali.

Saboda waɗannan baƙi ne duniya ta san wurin. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Yarjejeniyar kanta a 1971 aka ƙulla ta a wani gari mai wannan suna a Iran. Tafkin Dagona da fadamar Baturiya ta Jigawa sun shiga jerin a 2008. Tun 1987 aka fara wani shirin kare fadamun da haɗin gwiwar ƙungiyoyin waje da na gida, kuma duk watan Janairu masu ƙidayar tsuntsayen ruwa kan fita a ƙasashe da yawa lokaci guda, har da nan. Jagoranmu ya ce a wajen rakiyar irin waɗannan masu ƙidaya ya haɗa sanin da ya gada da na littafi.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai ba tsuntsu ba ne, ciyawa ce. Kacala. Doguwa ce, ta fi mutum tsayi, ta cika ko'ina, hanyar da muka bi ma da lauje da adda aka sare ta. Na tambayi dattijon ko haka wurin yake tun asali. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, ba daga Kano ka ce kake ba? Ai makullin ruwan nan yana hannunku.”

Ni sana'ata sayar da injinan ban-ruwa a Sabon Gari, kuma mafi yawan masu saye daga Kura da Kadawa da Bunkure suke zuwa, don haka maganar ta same ni daidai. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Shi kuma ya gangara ya haɗu da na Jama'are a cikin fadamun nan, abin da ya rage ya bi ta Gashuwa ya zama kogin Yobe har tafkin Chadi. A da, ruwa kan zo da ƙarfi a Agusta da Satumba ya malale fili mai faɗin da ya wuce murabba'in kilomita 2,000, a noma shinkafa, kifi ya hayayyafa, sannan ya janye a shuka wake da sauran kayan rani a danshin da ya bari, Fulani su shigo da shanu. Da rani mashigai su bushe ƙayau. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ta Challawa da ke Ƙaraye kuma a 1992. Madatsun suka rage ƙarfin ambaliyar damina, ga farin shekarun 1970 da 1980 ya ƙara nasa, har wasu shekaru malalar ba ta kai rabin ta da ba. A gefe guda kuma ruwan da ake saki da rani ya hana mashigai bushewa. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, ga laka tana taruwa, abin da kacala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse shekara da shekaru, wasu garuruwan kuma ruwan ya daina isa gare su. A cikinta janbaki ke kwana ya fito ya cinye shinkafa da gero, a cikinta sauro da dodon koɗin da ke kawo tsargiya ke samun mafaka. Agwagin Turai ma ba su tsira ba, don buɗaɗɗen ruwa mai bado suke nema.

Ba zan zauna a nan in ce a fasa Tiga ba. Ruwan famfon da ake tacewa a Tamburawa daga kogin nan yake, tumatirin Kadawa da shinkafar Kura da shi ake yinsu, abincina ma a nan yake. Amma masana sun daɗe suna cewa a riƙa sakin ruwa da yawa a daidai lokacin ambaliya, a rage na rani, kuma binciken masu ilmin tattalin arziki a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da ya isa fadama yana haifar da amfanin da ya fi na wanda aka tsare don ban-ruwa, idan aka haɗa noma da kifi da itace. Duk shekarun da na yi ina sayar da inji, ban taɓa jin mai saye ya ambaci mutanen da ke ƙasan kogin ba. Bayanin nan da dattijon ya yi mana a tsakiyar ruwa, shi kaɗai ya isa a biya masa kuɗin mota.

Masauki ba yabo ba fallasa: ɗaki mai tsabta, ruwa a bokiti, gidan sauro a huje. Abincin dare tuwon shinkafa ne da miyar kuka da busasshen kifi, ya yi daɗi ƙwarai. Karin safe burodi da shayi mai sanyi.

Washegari, da yake jagoran ne ya tsara lokaci, kafin gari ya waye muna kan hanyar Gashuwa zuwa Dagona. Wurin yana cikin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Chadi da aka kafa a 1991, a sashensa na Bade da Nguru. Sauran sassan biyu su ne Cingurmi-Duguma a Barno da kuma Bulatura mai tuddan rairayi. Tafkin kansa tsohon lanƙwason kogi ne da ambaliya ke cikawa, ya riƙa ja da baya yayin da rani ke nisa. Marigayi Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo nan a 1989, kuma har yau dattawan wurin suna ba da labarin. Ma'aikacin gandun da ya raka mu ya san aikinsa, ya sa muka tsaya nesa a ƙarƙashin bagaruwa, ya hana kowa matsawa gaɓa don ɗaukar hoto. A nan na tambayi gauraka. Jagoran ya ce yana yaro garke-garke suke yawo a fadamar, yanzu ya manta rabon da ya gan su. Waɗanda muke gani suna taƙama a farfajiyar gidajen masu hali a Kano ai daga daji aka kamo su, kuma kamun nan yana cikin abin da ya kusa ƙarar da su a ƙasar nan.

Yanzu ga laifuffukan kamfanin da ba zan yi shiru a kansu ba. A tallarsu sun ce akwai madubin hangen nesa. Guda biyu suka kawo wa mota guda cike da mutane, ɗaya ma idonsa na hagu hazo ne. Kallon tsuntsu ba madubi rabin kallo ne, kafin ya zagayo kanka abin da ake nunawa ya tashi. Babba kuma, sun sa mu a kwalekwale babu rigar kariya ko ɗaya, da mata da yaro ƙarami a ciki. Mu da muke jin labarin kifewar jiragen ruwa kusan kowace shekara a Arewa, bai kamata a ce sai fasinja ya tuna wa mai shirya tafiya wannan ba. Da na yi magana sai shugaban tafiyar ya ce, “Baba, ai ruwan ba zurfi.” Shi da bai iya iyo ba.

Na ukun shi ya fi ɓata mini rai. A hanyar dawowa direbansu ya tsaya a wani ƙauye ya sayi agwagin daji guda biyu a hannun wani maharbi, ya cusa a ƙarƙashin kujera. Ban zargi maharbin ba, talauci ne, kuma ba a cikin gandu ya harbo ba a faɗarsa. Amma motar da aka cika da mutanen da suka biya kuɗi don su ga tsuntsu da rai ba ita ce za ta zama kasuwarsa ba. Malamar nan ta yi musu tatas, kuma ta yi daidai.

Wanda zai je, ya nufi tsakanin Disamba da Fabrairu. Kafin nan baƙin ba su gama taruwa ba, bayan nan ruwa ya ja zafi ya sauko. A ɗauki rigar sanyi ta gaske, don iskar hunturu a kan ruwa da asuba ba irin ta cikin birni ba ce. A sa kaya marasa ƙyalli, kada a tsoma ƙafa a ruwan saboda tsargiya, a kuma tambayi halin hanya a makon tafiyar. Mai neman zaki da giwa ya tafi gidan zoo, nan zai gaji ya ce an cuce shi. Malaman makaranta da manoman rani kuwa, su na fi so su je.

Kwanan baya yaran suka turo mini saƙo cewa suna shirya wata zuwa Baturiya, ta ɓangaren Kirikasamma. Na amsa musu cewa zan biya har da na 'ya'yana biyu idan sun rubuto mini abu uku: lokacin tashi wanda ba a jiran kowa, rigar kariya ga duk wanda zai hau ruwa, da tabbacin cewa dattijon nan ne zai yi jagora. Sun amsa na farko da na uku.