Gidan 'Yartsana Mai Ban Tsoro: Abin da Marubuci Zai Auna Kafin Ya Sayi Kayan Aiki

A ƙasashen Turai da Arewacin Amurka, idan watan Satumba ya kama, ganye ya fara canza launi yana zuba, yini yana gajarta, mutane da yawa sukan nemi aikin hannu da za su yi a cikin ɗaki kafin sanyi ya kankama. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ayyuka shi ne gina ƙaramin gidan 'yartsana a mayar da shi tamkar kangon da aka daɗe da ƙaurace masa, galibi da nufin a kammala kafin bikin Halloween, wanda ake yin shiga da ado masu ban tsoro a cikinsa, na ranar 31 ga Oktoba. Ga mai rubuta ƙagaggen labari wannan aiki yana da wani amfani na daban, domin ɗakin da mutum ya gina da hannunsa ya san inda ƙofa take, ya san abin da wanda ke tsaye a bakin taga zai iya gani da abin da zai ɓoye masa, kuma wannan sani yana shiga cikin rubutu. Saboda haka shawarar da zan bayar a nan ta dogara ne kacokan a kan tambaya guda: wane zaɓi ne zai taimaka wa labarin ba tare da ya cinye lokacin rubuta shi ba?

Abu na farko da mai saye zai yanke hukunci a kansa shi ne ma'auni, tun da duk abin da zai saya daga baya, daga kujera har kwan fitila, dole ne ya dace da shi. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1:12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. A wannan ma'auni mutum mai tsawon mita 1.8 yana komawa santimita 15, ƙofa mai mita biyu kuma kusan santimita 17. Da shi aka gina shahararren gidan 'yartsana na Sarauniya Mary da ke fadar Windsor a Ingila, wanda Edwin Lutyens ya zana aka kammala a 1924, har da ɗakin karatu mai ƙananan littattafai da marubutan zamanin suka rubuta da hannunsu. Rabin wannan shi ne 1:24, inda mutumin nan zai zama santimita bakwai da rabi, sai 1:48 inda ba zai kai santimita huɗu ba. Akwai kuma 1:144, wanda a zahiri gida ne da ake ajiyewa a cikin wani gidan 'yartsana, kuma ban ga dalilin da zai sa sabon shiga ya tunkare shi ba.

Mutane da dama sukan karkata ga 1:24 saboda ba ya cin wuri, kuma hujja ce mai ƙarfi ga wanda teburinsa na rubutu shi ne kuma teburin aikin hannunsa. Sai dai ni 1:12 nake fifitawa, kuma dalilina ya shafi yanayin tsoro kansa. Abin da ke tayar da tsigar jiki a ƙaramin ɗaki ba ya wuce ƙananan alamu: kofin shayi da aka bari rabi, kujerar da aka ja baya kamar an tashi da gaggawa, wuri mai haske a jikin bango inda aka cire wani hoto, wasiƙar da aka fara ba a ƙarasa ba. A ma'aunin 1:12 littafi bai kai santimita biyu ba, amma ana iya buɗe shi, ana iya rubuta layi ɗaya a ciki da alƙalami mai siririn baki, ido kuma ya karanta. A 1:24 wannan littafi ya zama ɗan gutsuren kwali mai launi kawai. Ga kuma wani dalili na kasuwa, wato kayan 1:12 sun fi yawa a wajen masu sayarwa, don haka abin da hannu ya kasa yi ana samun sa a saye cikin sauƙi.

Duk wanda ke shakkar ƙarfin ƙananan alamu ya nemi hotunan aikin Frances Glessner Lee, Ba'amurkiyar da a shekarun 1940 ta gina jerin ƙananan ɗakuna a ma'aunin 1:12, kowanne yana nuna wurin da aka tsinci gawa, domin horar da masu binciken laifuka su koyi lura. Goma sha takwas daga cikinsu suna ofishin babban likitan binciken gawa na jihar Maryland a birnin Baltimore, kuma har yau ana koyarwa da su. Ta kai ga saƙa wa 'yartsanarta safa da allurai sirara, domin kada wani abu a ɗakin ya yi wa ido ƙarya. Ɗakunanta ba su da fatalwa ko ɗaya, amma mai kallo yakan tsaya ya yi shiru, saboda kowane abu yana ba da shaidar abin da ya faru kafin a shigo. Wannan shi ne aikin da marubuci ma yake yi da jimla.

Bayan ma'auni sai ginin kansa, kuma a nan zaɓin ya kasu gida huɗu, ko da yake ba dukansu ne suka cancanci dogon bayani ba. Na farko shi ne cikakken gida da ake sayarwa a wargaje mutum ya haɗa. Kamfanin Greenleaf na Amurka, alal misali, ya yi suna da gidaje masu fasalin ginin zamanin Sarauniya Victoria, masu tsinin rufi da baranda, waɗanda tun asali sun dace da labarin gidan da ake tsoro. Da fale-falen katako mai kaurin kusan milimita uku ake yin su, ana ɓalle sassan daga allo a zura harshe cikin rami, kuma kowane gefe yana buƙatar guga da samfefa kafin ya zauna daidai. Wasu kamfanoni suna amfani da MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, wanda ya fi nauyi da santsi kuma yana karɓar fenti sosai, amma ba shi da jijiyar itace, sannan idan ruwa ya shige shi yakan kumbura. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai son tsufantar da gida, domin tsohon katako ana gane shi ne ta jijiyarsa, kuma yawancin dabarun tsufantarwa da ruwa-ruwan fenti ake yin su. Babbar matsalar cikakken gida ita ce lokaci. Rufi kaɗai, idan za a lilliƙa masa ƙananan alluna ɗaya bayan ɗaya, yana iya cin maraice da dama, kuma na taɓa wayar gari a tsakiyar Nuwamba da gida mai ɗaki shida wanda ko ɗaya ban shirya cikinsa ba, labarin kuma yana nan inda na bar shi tun Satumba.

Na biyu shi ne ƙananan akwatunan da ake zura su tsakanin littattafai a kan kanta, irin waɗanda kamfanoni kamar Rolife na ƙasar Sin suke yankawa da hasken leza, su haɗo da fitila da gam da takardar umarni. Suna da daɗin haɗawa, ana gamawa cikin 'yan kwanaki, kuma suna koya wa hannu haƙuri. Amma labarin da ke cikinsu na wanda ya zana su ne, ma'auninsu sau da yawa ba ya tsayawa a kan ƙa'ida ɗaya, kuma da wuya a sa musu kayan da aka sayo daga wani wuri su dace. Na uku shi ne tsohon gida da wani ya yi amfani da shi ya sayar, wanda ya zo da karyayyar taga da ɓarewar takardar bango ba tare da an wahala ba. Kafin a saya a shinshina a ji ko akwai warin fumfuna, a duba ko katakon ya lanƙwashe, kada a jona tsohuwar wayarsa da wuta sai an bincika, kuma a yi hattara da goge fentin gidan da ya daɗe sosai, domin a Amurka sai a 1978 aka haramta dalma a fentin gidaje.

Na huɗu, wanda shi nake ba marubuci shawarar ya zaɓa, shi ne ɗaki guda: akwati mai bango uku da ƙasa da rufi, gabansa a buɗe, mai faɗin kusan santimita 30 zuwa 40. Ana sayar da shi a shirye, ana kuma iya yanka shi daga fale-falen katako ko allon soso mai takarda a bayansa da gabansa. Wannan tsari yana da tsohon asali, domin ƙananan ɗakuna 68 na Ba'amurkiya Narcissa Niblack Thorne da ke gidan adana kayan fasaha na Chicago duk haka suke, kowane ɗaki da akwatinsa. Fa'idarsa ga mai rubutu a bayyane take. Yawancin labaran tsoro ɗaki ɗaya ne zuciyarsu, ko dai ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, ko kicin, ko ɗakin yaron da aka kulle shekaru, kuma idan marubuci ya tilasta wa kansa zaɓar ɗaki ɗaya, ya riga ya amsa wata muhimmiyar tambaya game da labarinsa. Ana iya kammala shi cikin makonni kaɗan, ana kuma iya ajiye shi kusa da kwamfuta a riƙa leƙawa idan jimla ta maƙale.

Game da yumɓu, iri biyu ne ke gaban mai saye. Yumɓun roba, irin su Fimo da Sculpey, ba ya bushewa sai an gasa shi a tanda, a zafin da ke tsakanin digiri 110 zuwa 135 gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a jikin leda, don haka mutum yana iya ajiye kabewa ko ƙoƙon kai da ya fara sassaƙawa ya dawo bayan mako guda ya same shi da laushinsa. Shi ya fi dacewa da ƙananan abubuwa kamar kyandir da burodi da ƙasusuwa, amma kada a wuce zafin da aka ƙayyade, domin idan ya ƙone yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Yumɓun da ke bushewa da iska kuwa yana tsukewa yana tsagewa, abin da masu yin kyakkyawan gida suke ƙi, alhali ga mai neman bangon da ya tsufa wannan tsagewa ita ce ribar. A shafa shi sirara a jikin bango, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, sannan a bi da baƙin fenti da aka tsinka da ruwa sosai. Fentin zai gangara ya zauna cikin tsagun, a goge saman da tsumma, sai ga bango kamar ya shekara hamsin yana shan damshi.

Fenti ba ya buƙatar dogon tunani, domin na akirilik mai haɗuwa da ruwa ya wadatar, kuma launi biyar ko shida sun isa muddin akwai baƙi da fari da ruwan ƙasa mai duhu, kuma a zaɓi marar ƙyalli. Gam ne wurin da ake yawan yin asara. Farin gam na kafintoci shi ne na katako da takarda, yana ba da damar gyara kafin ya kama. Gam mai kamawa nan take yana da amfani ga ƙarfe, amma tururinsa yana bar wa robar taga farin hazo, shi da fentin feshi kuma dukansu suna iya narkar da soso idan ba a fara rufe shi da akirilik ba. Sauran kayan tsufantarwa ba sai an saya ba: ruwan shayi yana mayar da takarda ruwan ɗorawa, soson ƙarfe da aka jiƙa a ruwan kal (vinegar) na 'yan kwanaki yana mayar da sabon katako ruwan toka, kwalin ƙwai da aka yayyaga yana zama duwatsun murhu, garin alli mai launi kuma yana zama ƙura da baƙin hayaƙi. Abin da ya cancanci a kashe masa kuɗi shi ne wuƙar yanka mai kaifi da ƙarin reza, da rular ƙarfe, da matsefata mai siririn baki.

Haske shi ne abin da zan roƙi mai saye kada ya yi wa riƙon sakainar kashi, domin rabin tsoron ɗaki a inuwarsa yake. Tsari biyu ake da su. Akwai na volt 12, mai tiransifoma da siririyar wayar tagulla da ake liƙawa a ƙarƙashin takardar bango, wanda ya dace da babban gida mai fitilu da yawa, amma dole ne a shimfiɗa shi kafin a yi ado, kuma gyaransa bayan an rufe bango aiki ne mai cin rai. Akwai kuma ƙananan fitilun LED masu aiki da batirin volt 3 mai kama da kwabo, irin CR2032, waɗanda ba sa zafi kuma ana iya matsar da su yadda ake so. Ga ɗaki guda na biyun ya fi, da sharaɗin a nisanta batiran daga ƙananan yara, domin haɗiye su yana da mugun haɗari. A sayi mai haske ɗumi-ɗumi mai ruwan ɗorawa domin kyandir da murhu, akwai ma mai kaɗawa kamar harshen wuta, sannan a sayi guda ɗaya mai fari-shuɗi a ɓoye shi a bayan taga ya zama farin wata. Fitila biyu sun isa, kuma yana da kyau a bar kusurwa ɗaya cikin duhu. A ɗakin da na gina bara na ajiye fitilar a ƙasa, a bayan kujera mai lilo, sai inuwar kujerar ta hau bango har ta taɓa rufi, kuma a daren ne na gane cewa a babi na uku yarinyar ba kujerar za ta fara gani ba, inuwar za ta gani tana motsi, don haka na koma na sake rubuta babin daga inda ta buɗe ƙofa.