Wane rumbun bayanai ne zai jure ranar da ka sauya tsari?

Rumbun da ke ajiye abu yadda manhaja ta ƙera shi, ba tare da an yanka shi cikin tebur ba, daɗin aiki gare shi a watan farko. Sai ranar da ka sauya tsarin bayanan, wato ka ƙara gurbi (wurin da ake sa bayani ɗaya, kamar suna ko lambar waya) ko ka sauya wa wani suna, ranar wanka ke nan, ba a ɓoyon cibi. Ni sunan gurbin lambar waya kawai na taɓa gyarawa, na wayi gari lambobin duk sun ɓace. Tun daga nan da wannan ma'aunin nake awo.

Shi ya sa rumbun ZODB na masu rubuta manhaja da yaren Python ya kwanta mini. Fayil ɗinsa, Data.fs, ba ya rubutu a kan tsohon bayani, kowane sauyi a ƙarshe yake liƙa shi. Abin da ka ɓata jiya yana nan, kana iya warware shi, muddin ba ka matse fayil ɗin ka zubar da tarihi ba. Sabon gurbi kuwa, ka sa masa ƙimar farko a jikin aji, wato samfurin da manhaja ke ƙera abubuwan da shi, tsofaffin abubuwa su ɗauka ba tare da ka taɓa su ba. Aibinsa: ka sauya wa aji suna ko mazauni, abubuwansa su fito a karye sai ka bi su da manhajar gyara mai suna zodbupdate. Fayil ɗin ma kumbura yake. Na yarda, faifai ya fi kuka araha.

A sauran rumbunan irin wannan, ObjectDB na masu yaren Java yana cike sabon gurbi da kansa, amma sauyin suna sai ka sanar da shi a fayil ɗin saiti. GemStone na riƙe tarihin kowane aji, in ka iya yaren Smalltalk. db4o kuwa tun 2014 aka daina kula da shi.

A kiyayi mai cewa rumbunsa "ba ya buƙatar tsari". Tsarin na nan cikin manhajarka, ya dai bar maka wahalar ne. A kiyayi ɗan kwangilar da ke barin makunnin gwaji a kunne: rumbun Realm, wanda kamfanin MongoDB ya saya a 2019, yana da saitin da ke share rumbun gaba ɗaya in tsari ya sauya. Don gwaji aka yi shi, amma malalaci kan miƙa aiki a haka, komai na tafiya lafiya lau har sabuntawar farko. Kafin ka biya ragowar kuɗi, ka zuba bayanai, ka sa shi ya sauya sunan gurbi ɗaya a gabanka, sannan ka ƙirga bayanan.