Littafin Rite in the Rain a matsayin kundin lambu: ya yi ko bai yi ba?

Da yawa daga cikin masu fara rubuta abin da ke faruwa a lambunsu suna dainawa kafin wata guda, kuma sau da yawa laifin littafin ne. Takardar yau da kullum ba ta jure hannu mai laima. Raɓar safe ta taɓa ta sai ta kumbura, tawada ta baje, mutum ya mayar da littafin ɗaki yana cewa da dare zai rubuta. Da daren kuma ya manta ko ganyen ƙasa ne ya yi rawaya ko na sama. Wannan matsalar ce littafin Rite in the Rain ya magance.

Kamfanin yana garin Tacoma a Amurka, kuma tun 1916 aka fara yin takardarsa domin masu saran itace da ke aiki cikin ruwan sama. An shafa wa takardar wani abu da ke sa ruwa ya taru ɗigo-ɗigo ya gangare maimakon ya shige ta. Samfurin da ya fi dacewa da lambu shi ne mai waya a gefe, faɗinsa kusan santimita 12, tsawonsa kusan 18, shafi 64, da bangon roba mai lanƙwasuwa. Yana shiga babban aljihu, kuma ana iya naɗe shi baya a riƙe da hannu ɗaya. Taɓo ya faɗa masa, a bari ya bushe a kakkaɓe, ko a share da jiƙaƙƙen tsumma.

Sai dai a kula da abin rubutu, don nan ne mutane suka fi yin kuskure. Duk tawadar da aka haɗa da ruwa ba ta kama wannan takarda, tunda an yi ta ne don ta ƙi ruwa. Alƙalamin ɗura tawada, biro mai ruwa-ruwa da alƙalamin haska layi duk za su zame su ɓata shafi. Biro na gama-gari yana rubutu in takardar a bushe take, amma yana tsallake-tsallake in ta jiƙe. Fensir shi ne maganin abin. Mai lamba HB a jikinsa ya isa. 2B ya fi baƙi da daɗin gani, amma yana shafewa in yatsa ya goge shi. A ɗaure fensirin da igiya a jikin wayar littafin, in ba haka ba cikin kwana uku ƙasa ta haɗiye shi.

Babban raunin littafin a wannan aiki shi ne ba don lambu aka tsara shi ba. Babu gurbin kwanan wata, babu jadawalin shuka, babu aljihun adana fakitin iri. Layuka ne kawai. Wanda ke son a ja shi da tambayoyi zai ga shafin ya yi masa fayau. Gyaran ba wuya: shafi biyun farko a zana taswirar lambun, a ba kowane fangali ko tukunya lamba. Shafi huɗu na ƙarshe a zana musu tebur mai gida huɗu da rula: sunan iri, ranar shuka, ranar tsiro, ranar dashe. Sauran shafi 58 kuwa, shafi ɗaya ga kowane mako, sun wuce shekara guda.

Teburin tsiron nan yana rage fargaba fiye da yadda ake zato. Tumatir kan fito cikin kwana 5 zuwa 10 in ƙasa da ɗumi, karas kuwa yakan kai mako biyu zuwa uku. Wanda bai rubuta ranar shuka ba, a kwana na tara zai fara tona ƙasa yana duba ko irin ya ruɓe, ya kashe abin da ke shirin fitowa.

Samun natsuwa daga wannan kundi kuma ya dogara ne da yadda ake rubutun. Minti biyar ya wadatar, kafin ban ruwa, wayar salula tana ɗaki. A zaɓi shuka ɗaya a tsuguna gabanta. A cusa yatsa cikin ƙasa kamar santimita uku a ji danshinta, a juya ganye a duba bayansa inda ƙananan ƙwari ke ɓuya, a murza wani a sansana. Sannan a rubuta layi uku na abin da ido ya gani kawai: "Fangali 2, sabon ganye biyu, gefensu ja-ja, tururuwa na hawa kara." Kada a haɗa da jerin ayyukan da ba a yi ba. Da zarar shafi ya cika da "ban yi ciyawa ba, ban sa taki ba", littafin ya koma mai bin bashi, hankali kuma ya tashi. Ayyuka su tafi wata takarda daban. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2011, ya nuna rabin awa na aikin lambu ya fi rabin awa na karatu a ɗaki rage sinadarin damuwa a jiki. Ke nan amfanin yana wajen, kusa da shukar, kuma littafin da zai iya zama can tare da kai ya fi kyakkyawan da ke kan tebur.

Masu zane da fenti na ruwa su nemi wani, launin ba zai zauna ba. Haka mai son manna busasshen fure, wayar littafin ba ta danne shi sosai. Ya kuma fi littafin makaranta tsada nesa ba kusa ba, don haka mai tukwane biyu a ƙarƙashin rumfa, inda ruwa ba ya kaiwa, ba ya bukatarsa. Mai fangali a fili da ke fita da sassafe cikin raɓa, shi ne zai ci moriyar kuɗinsa.