Kemis ɗin da ya ƙi sayar min da maganin tari

Akwai wani kemis a Zoo Road da nake sayen maganin Umma, yau dai sai na faɗi alherinsu. Tun bayan rasuwar Abba likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora Umma kan venlafaxine saboda ciwon damuwa, kuma alhamdulillah ya karɓe ta, ta dawo tana barci tana hira da jikoki. To wajen wata 3 da farawa sai busasshen tari ya sako ta a gaba, ga haki, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta dafa bango ta huta. Mu duk mun ɗauka ƙurar hunturu ce.

Ranar da na je sayen kwalba ta uku ta maganin tari sai famasis ɗin, wata baiwar Allah mai natsuwa, ta ce min "Malam, wai waye ke tarin nan haka?" Ina ce mata Umma ce sai ta ajiye kwalbar ta ce ba za ta ba ni ba, wallahi har raina ya ɗan ɓaci. Ta zaunar da ni ta yi min bayani cewa venlafaxine da wani maganin damuwar mai suna sertraline kan jawo kumburin huhu, ba kasafai ba sam, yawancin masu sha ba abin da ke samunsu, amma tari da haki da ke ƙaruwa kullum ba na kemis ba ne, a kai ta asibiti a nuna wa likita kwalin maganin. Ta kuma ja min kunne sosai kar mu kuskura mu tsayar mata da shi kai tsaye, don jiri da tashin zuciya za su biyo baya, damuwar ma tana iya dawowa.

Washegari muka tafi Asibitin Malam. An yi gwajin kaki ba tarin fuka ba ne, aka yi hoton ƙirji da gwajin jini, likitoci suka janye maganin a hankali suka canza mata wani, suka haɗa da prednisolone, maganin rage kumburi. Yanzu Umma da ƙafarta take leƙa maƙota.

Inda zan rage musu maki, kayansu akwai ɗan tsada, wajen fakin kuwa babu shi, da yamma sai ka yi ta zagaye. Tauraro 4 cikin 5 na ba su, kuma can zan ci gaba da saye.